Ɗakin kaji huɗu a sanyin Edmonton: yadda ake zaɓe tsakanin hanyoyi uku

Edmonton ita ce babban birnin lardin Alberta a yammacin Kanada, tana bakin kogin North Saskatchewan, kuma mazaunanta sun ɗan haura miliyan ɗaya a ƙidayar 2021. Dusar ƙanƙara kan lulluɓe ƙasa tun daga watan Nuwamba har cikin Maris. A Janairu, sanyin dare na yau da kullum kan kai kimanin digiri 15 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyos, kuma da wuya lokacin sanyi ya wuce ba a sami kwanakin da ya kai 30 ƙasa da sifiri ba. A wannan gari ne hukumar birni ta fara gwajin barin mutane su yi kiwon kaji a bayan gidajensu a 2014, da gidaje kaɗan, kafin daga baya ta faɗaɗa shirin.

Wanda yake son shiga sai ya sami lasisi daga hukumar birni, ya halarci horo kan kiwon kaji, ya kuma yi wa gidansa rajista da gwamnatin lardi domin a san inda dabbobi suke idan annoba ta ɓulla. Ba a yarda da zakara ba, ba a yarda da ƙananan tsaki ba, kuma adadin kajin ba ya kasa uku, ba ya wuce shida. Kowace kaza dole ta sami fili kimanin murabba'in mita 0.37 a cikin ɗaki, da kimanin 0.9 a farfajiyar da aka kewaye da raga. Hana ajiye kaza ɗaya ko biyu yana da hikima, domin kaji halittu ne masu zaman taro, kuma da daren sanyi sukan matsu a jere su ɗumama juna.

Lamarin da za a duba a nan shi ne na magidancin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, yana son kaji huɗu masu ƙwai, yana da fili a bayan gida mai shingen katako, kuma ya tarar da hanyoyi uku a gabansa. Zai iya sayen ƙaramin kejin katako irin wanda ake sayarwa a kwali a zo a harhaɗa a gida, zai iya gyara tsohon ɗakin ajiyar kayan lambu da ke tsakar gidan, ko kuma ya sa a gina sabon ɗaki daidai da kajin. Kuɗin da kowace hanya za ta ci ya bambanta, amma abin da zai raba gardama shi ne yadda kowane ɗaki zai kasance da asubahin Janairu bayan kaji huɗu sun kwana a ciki.

Kafin a auna ɗakunan, sai a fara da jikin kazar. Zafin jikin kaza yana kusa da digiri 41, ya fi na ɗan Adam, kuma idan sanyi ya yi sai ta buɗa gashinta ya tare iska mai ɗumi a jikin fata, ta zauna a kan ƙafafunta, ta cusa kai cikin gashin kafaɗa. Babbar kaza mai lafiya, wadda ta ƙoshi, gashinta kuma a bushe yake, tana jure sanyin da ya yi ƙasa da sifiri sosai. Abubuwa biyu ne ke karya wannan kariya: iskar da ke kaɗawa kai tsaye tana buɗe gashin, da danshin da ke sauka a wuraren da ba su da gashi, wato zanko, da naman da ke reto ƙarƙashin baki, da yatsun ƙafa. Danshin nan idan ya daskare a kan fata sai wurin ya yi fari, daga baya ya yi baƙi ya mutu, kuma kazar da ta gamu da haka takan daina ci sosai, ta daina ƙwai, wani lokaci ma ta rasa yatsa.

Danshin kuwa daga jikin kajin yake fitowa. Kaza mai ƙwai tana shan kimanin kwatan lita na ruwa a rana, kaji huɗu ke nan suna shan kusan lita guda. Kaɗan ne daga cikin ruwan nan ke tafiya cikin ƙwai, sauran duk yana fita ta numfashi da kashi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen kashin kaza ruwa ne. A gefe guda, iska mai sanyi ba ta iya ɗaukar tururi da yawa: a digiri 20 sama da sifiri, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana riƙe giram 17 na ruwa, a sifiri tana riƙe kusan giram 5, a 20 ƙasa da sifiri kuwa giram ɗaya kacal. Saboda haka idan aka toshe ƙaramin ɗaki ruf, cikin ɗan lokaci iskar ciki ta ƙoshi da ruwa, ragowar ya taru a rufi da bango kamar yadda tururi ke taruwa a murfin tukunya, ya daskare, ko ya ɗigo a kan kajin. Ban da ruwa akwai amoniya, iskar nan mai yaji da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, wadda ke ƙona idanu da hanyoyin numfashin kaza, kuma masana kiwon kaji suna son kada ta kai kashi 25 cikin miliyan a iskar ɗaki. Idan mai kiwo ya sunkuya daidai tsayin kazar ya ji warin ya bugi hancinsa, to an riga an makara wajen buɗe iska.

A nan ne wanda ya saba da hunturun Kano ko na Jos yake iya yin kuskure idan ya sami kansa a irin wannan ƙasa. A gida, idan sanyi ya tsananta, akan rufe akurki da buhu ko tsohuwar tabarma, kuma hakan ba ya cutarwa sosai, domin iskar hunturu busasshiya ce, ruwa ba ya daskarewa, akurkin kansa kuma cike yake da kafofi. A Edmonton, inda ake gini da katako da roba masu kama juna tsam, irin wannan rufewar tana mayar da ɗakin kaji wurin da ya fi waje haɗari. Tun farkon ƙarni na ashirin wasu masu kiwo a arewacin Amurka suka gane haka. Wani likita mai suna Prince T. Woods ya yi rubuce-rubuce, har da littafin da ya fito a 1924, yana kira da a gina ɗakunan kaji masu buɗaɗɗiyar fuska ta kudu, an sa mata raga kawai, sauran ɓangarori uku a toshe, sandar kwana kuma can ƙurya inda iska ba ta kaiwa. Ba lallai ne a bi tsarinsa gaba ɗaya a sanyin Alberta ba, amma dalilin da ya kafa a kai bai tsufa ba.

Kejin kwali shi ne ya fi arha, ya fi saukin samu, kuma shi ne ya fi jan hankalin mai farawa. Matsalarsa ta farko ita ce girma: adadin kajin da ake rubutawa a jikin kwalin sau da yawa ya wuce abin da filin cikin zai ɗauka idan aka auna da ma'aunin hukumar birni, wanda ke neman kusan murabba'in mita ɗaya da rabi ga kaji huɗu. Ta biyu ita ce tsayi, kuma wannan ta fi muni. Rufin irin wannan keji gajere ne, don haka duk kafar iskar da aka buɗe tana daidai kan kazar da ke kan sanda. Idan an bar ta a buɗe iska ta riƙa dukan kajin duk dare, idan an toshe ta danshi ya cika wurin, kuma babu tsaka-tsaki. Katakon siriri ne, yana kumbura yana tsagewa idan ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, ƙofofinsa kan maƙale, rufinsa kuma ba a yi shi domin nauyin dusar ƙanƙara ta wata biyar ba. Mutum ba ya iya shiga ciki, sai dai ya durƙusa a kan ƙanƙara ya zura hannu, kuma aikin da ake yi a durƙushe cikin sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri aiki ne da za a riƙa ɗagawa zuwa gobe. A ganina irin wannan keji ya dace da killace kaza marar lafiya ko da zaman bazara, bai dace ya zama gidan da kaji za su ci lokacin sanyi a ciki ba.

Tsohon ɗakin ajiya ya fi shi ta kusan kowace fuska. A ce faɗinsa mita 2.4, tsawonsa mita 3, tsayinsa ya ɗan haura mita 2. Mutum zai shiga a tsaye ya rufe ƙofa a bayansa, akwai wurin buhun abinci da dusar katako, akwai kuma sarari mai yawa a sama inda za a buɗe kafofin iska nesa da kan kajin. Matsalarsa ita ce ya yi wa kaji huɗu girma. Zafin da kaza ɗaya ke fitarwa daga jikinta bai wuce kimanin wat 10 ba, kaji huɗu ke nan suna ba da zafin da ya yi daidai da ƙaramin ƙwan lantarki irin na da, kuma wannan ba zai sauya komai ba a ɗakin da ya haura murabba'in mita 7, mai bango falle ɗaya. Ana gyara wannan da raba ɗakin biyu, a bai wa kaji sulusi ko rabi, a sa abin tsare ɗumi, wato soson da ke hana zafi fita, a bangon ɓangarensu da rufinsa, sauran ya zama ma'ajiya. Sai dai dole a bincika ƙasan ɗakin da kyau, domin tsofaffin ɗakunan ajiya sukan zauna a kan ƙasa kai tsaye, katakon ƙasa ya ruɓe, ɓeraye su yi gida a ƙarƙashi. Idan ɗakin ƙarfe ne ko na roba, gara a haƙura da shi, saboda ƙarfe yana tara raɓa fiye da komai. Akwai kuma batun wuri, tun da an ajiye ɗakin ne inda ya dace da kayan lambu, wataƙila a inuwar gidan, wataƙila kuma ya matsa kusa da shingen maƙwabci fiye da yadda ƙa'idar lasisin ta yarda.

Sabon gini shi ne ya fi tsada, amma shi kaɗai ne ke ba mai shi damar tsara kowane abu da gangan. Ga kaji huɗu, ɗaki mai faɗin mita 1.2 da tsawon mita 1.8 yana ba da fili fiye da murabba'in mita 2, wato ya wuce mafi ƙarancin da doka ta nema, kuma wannan ƙarin yana da amfani, domin akwai ranakun da kaji ba za su leƙa waje ba, kuma kajin da aka matse sukan fara tsattsagar juna. Tsayin gaba ya kai yadda mutum zai shiga, rufin ya gangara baya domin dusar ƙanƙara ta zame. Taga ta fuskanci kudu, domin a tsakiyar Disamba rana a Edmonton ba ta tashi sama da kimanin digiri 13 daga ƙasa ko da tsakar rana, haskenta na shigowa a kwance ta taga har ƙuryar ɗaki, amma dogon shinge ko garejin maƙwabci na iya tare shi gaba ɗaya. Bangon da ba shi da kafa ko ɗaya shi ne zai fuskanci arewa da yamma, inda iskar sanyi ta fi fitowa.

Abin tsare ɗumi ana sa shi tsakanin bangon waje da na ciki, kuma dole a rufe shi da allon katako ta ciki, domin kaji suna tsattsage farin soson nan su haɗiye. Amfaninsa biyu ne: yana riƙe ɗan zafin da kajin ke fitarwa, yana kuma hana fuskar bango da rufi yin sanyin da zai sa raɓa ta taru. Kafofin iska kuwa can sama suke, ƙarƙashin bakin rufi, aƙalla rabin mita sama da kan kazar da ke zaune a sanda, a ɓangarori biyu, an sa musu raga da murfin da za a iya ragewa amma ba a taɓa rufewa duka. Iska mai ɗumi da danshi tana tashi sama ta fita, busasshiya ta shigo ta maye gurbinta, kajin kuma suna ƙasa a wurin da iska ba ta motsi. Mutane da yawa suna ganin saɓani tsakanin tsare ɗumi da barin kafa a buɗe, alhali ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan.

Sandar kwana ƙaramin abu ce da ke ceton yatsu. Maimakon siririyar sanda mai zagaye ko bututun ƙarfe, ana amfani da katako mai faɗin kimanin santimita 9, a kwantar da faffaɗan gefen sama, domin kaza ta shimfiɗa ƙafa ta rufe yatsunta duka da gashin ciki. Kowace kaza tana buƙatar santimita 25 zuwa 30 na tsawon sandar, kuma sandar ta fi akwatin ƙwai tsayi, in ba haka ba kajin za su koma kwana cikin akwatin su ɓata shi. Allon da aka sa ƙarƙashin sanda yana tare kashin dare, wanda a sanyin Edmonton yakan daskare, a kankare shi da safe a fitar, kuma da wannan aiki na minti kaɗan an cire babban kason ruwan da zai zauna a ɗakin. Akwatin ƙwai ɗaya ko biyu sun isa, kuma ya fi kyau su kasance cikin bangon ɗaki maimakon su ɓullo waje kamar yadda ake yi a kejin kwali, domin ƙwan da ya daskare yana tsagewa. A ƙasa ana shimfiɗa dusar katako ko busasshen karan alkama mai kauri, a riƙa juyawa ana ƙarawa.

Batun ɗumama ɗaki da lantarki shi ne inda masu kiwo suka fi saɓawa. Jan ƙwan lantarkin nan mai zafi na wat 250, wanda ake rataya wa tsaki, shi ne abin da hannu ya fi saurin kaiwa, kuma shi ne ya fi haɗari: ɗakin katako ne cike da ƙura da busasshiyar shimfiɗa, kaza kuma tana iya tashi ta buge shi ya faɗi, gobara ta tashi kusa da gidan mutane. Wasu ƙwayayen lantarkin da aka shafa wa maganin hana fashewa suna fitar da hayaƙin da ke kashe tsuntsaye. Akwai kuma haɗari na biyu, wato kajin da suka saba da ɗaki mai ɗumi ba sa shirya jikinsu, ranar da wuta ta ɗauke sai sanyi ya same su farat ɗaya. Wannan ba zato ba ne kawai. A tsakiyar Janairun 2024 sanyi ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri a filin jirgin saman Edmonton, kuma a daren 13 ga watan an aika saƙon gaggawa zuwa wayoyin mutanen Alberta ana roƙonsu su rage amfani da lantarki domin kada a kai ga ɗauke wuta bi da bi. Duk da haka ban yarda da masu cewa kada a taɓa ɗumama ɗakin kaji ba, domin shawarar da ta dace da garin da sanyinsa ke tsayawa a 10 ƙasa da sifiri ba lallai ta dace da garin da ke kaiwa 40 ba. Abin da ya fi dacewa shi ne faifan ɗumi mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba ya yin ja, a kafe shi da kusoshi a bango kusa da sanda, a kunna shi a daren da sanyi ya wuce misali, da niyyar rage kaifin sanyin kawai. Wayar kuma ta zama irin ta waje, a soket mai yanke wuta da kansa idan ruwa ya taɓa.

Inda lantarki ya zama dole a kullum shi ne ruwan sha. Ruwa a buɗe yana daskarewa cikin sa'o'i kaɗan, kazar da ba ta sha ba kuma ba ta ci, wadda ba ta ci ba kuwa ba ta da abin ɗumama jiki. Mazubi mai ɗumama kansa yana magance wannan, kuma idan farfajiyar tana da kariya ya fi kyau a ajiye shi a can, domin tururinsa da abin da ke zuba kada su ƙara wa ɗakin kwana danshi.

Farfajiyar ita ce ɓangaren da ake yawan rainawa. Kaji da yawa ba sa son taka dusar ƙanƙara, don haka farfajiyar da ba ta da rufi ba ta da amfani kusan rabin shekara. Idan aka yi mata rufi mai ƙarfi, aka lulluɓe ɓangaren arewa da na yamma da roba mai haske, aka bar tsaga a sama, aka zuba kara a ƙasa, kaji za su wuni a waje suna tono ko da sanyi ya yi tsanani, ɗakin kwana kuma ya sami damar bushewa. Rufin yana da wani amfanin: murar tsuntsaye mai tsanani ta shiga gonakin kaji a Alberta a 2022, tsuntsayen daji masu ƙaura ne ke yaɗa ta, kuma rufi yana hana kashinsu sauka inda kaji ke ci. Ragar kuwa ta zama ta ƙarfe mai kauri mai ƙananan idanu, kimanin milimita 13, a binne gindinta ko a shimfiɗa shi a ƙasa ta waje. Kwarin kogin da ya ratsa birnin yana kawo namun daji har cikin unguwanni, musamman wani nau'in dila da ake kira kayoti, ga karnuka, da shaho, da mujiya, da wasu ƙananan dabbobi masu siririn jiki da ke bi ta ramin da bai fi babban yatsa ba. Alberta ta shahara da yaƙin da take yi da manyan ɓeraye tun 1950, har ba su da mazauni a lardin, amma ƙananan ɓeraye suna nan, kuma sukan nemi ɗumi da hatsi a cikin bangon ɗakin kaji idan sun sami kafa.

Irin kazar da aka zaɓa tana rage wa ɗakin nauyi. Mai dogon zanko, kamar Leghorn, ta fi saurin kamuwa da daskarewar zanko. A Kanada an ƙirƙiro iri na musamman domin wannan matsala: wani ɗan zuhudu mai suna Wilfrid Châtelain ya fara haɗa irin Chantecler a gidan ibada na Oka da ke Quebec a 1908, kaza mai ɗan guntun zanko da gashi mai kauri, aka amince da ita a hukumance a 1921. Nau'inta mai launin ƙasa-ƙasa a Edmonton ɗin nan Dakta J. E. Wilkinson ya samar da shi, aka karɓe shi a 1935. Wyandotte ma tana da gajeren zanko. Masu gashi a ƙafa, kamar Brahma, suna jure sanyi, amma ƙanƙara kan manne a gashin ƙafar idan ƙasa ta jiƙe.

Dole kuma ɗakin ya iya da zafi. A ƙarshen Yunin 2021 zafi ya haura digiri 35 a Edmonton, kuma kaza mai kaurin gashi ta fi shan wahala a irin wannan rana fiye da a daren Janairu, tun da ba ta gumi. Ɗakin da aka tsare wa ɗumi yana buƙatar manyan tagogi masu raga da za a buɗe da bazara.

Idan aka haɗa wannan duka, hukuncin ya rataya ne a kan tsohon ɗakin ajiya. Idan na katako ne, ƙasansa lafiya, yana samun ranar kudu, yana kuma wurin da ƙa'ida ta yarda, gyara shi ya fi sabon gini riba, domin kuɗin da aka rage za su tafi kan rufin farfajiya da raga mai kyau, waɗanda su ne ake yawan yi wa rowa. Idan ya gaza a ɗaya daga cikin waɗannan, sabon gini ya fi. Ko wanne aka zaɓa, ya kamata a gama shi kafin Oktoba, kajin kuma su shiga tun kaka domin jikinsu ya saba da sanyi sannu a hankali.

Mai gidan ya kuma shirya wa raguwar ƙwai. Kaza tana buƙatar hasken sa'o'i 14 zuwa 16 kafin ta riƙa saka a kai a kai, yinin Edmonton kuwa a ƙarshen Disamba bai wuce sa'o'i bakwai da rabi ba. Ƙaramin ƙwan lantarki mai agogon kunna kansa, wanda ke kamawa kafin asuba, yana dawo da saka, yana kuma ƙara wa kajin lokacin ci kafin dogon dare. Ba a sa shi ya mutu farat ɗaya da dare, domin kada duhu ya sami kajin a ƙasa ba su hau sanda ba. A lokacin sanyin farko, duk safiya sai a duba rufi da gilashin taga ta ciki: idan akwai farin ƙanƙara mai kauri ko shimfiɗa ta yi laima, a ƙara buɗe kafofin sama a sauya shimfiɗar, idan kuma gashin kajin yana motsi suna kan sanda, a nemi tsagar da iska ke shigowa ta ƙasa a toshe ta.